Sai da Alwala

A gidanmu na Mai Wurno tsakanin magariba da isha'i ake tatsuniya, lokacin da Habboba, kakata ta wajen uba, take gasa kisra, gurasar nan mai fale-fale. Takan zauna gaban saj, faifan ƙarfen nan da ake ɗorawa bisa wuta, ta zuba ƙullu, ta shafe shi, ta ɓamɓaro da yatsunta ba ko tsumma. Ni da ƙannena biyu muna jere bisa gadon igiya muna jiran gefen da ya ƙone. Shekara hamsin tana wannan aiki, har kan yatsunta ya koma kamar ƙirgi. Takan ɗauki garwashi da hannu tana magana, ko a jikinta.

In za ta fara sai ta ce, "Ga ta nan ta iso ƙofa." Mu ce, "A buɗe mata." Wanda ya kuskura ya amsa da Larabci kuwa, sai ta ce tatsuniyarta ba ta jin Larabci, ta koma gida. Sai mun yi ta roƙo.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta matar tafki. Wata mata ce ɗanta ya yi gabas, shiru shiru ba labari. Sai wata tsohuwa ta kai ta bakin wani tafki da kainuwa ta rufe, ta ce mata, "Sa yatsu biyu ki buɗa kainuwar a hankali, za ki ga ɗanki. Amma in kin gan shi, ki tsaya nan." Matar ta buɗa, sai ga ɗanta can nesa yana ɗaure jaki. Ta ƙara buɗawa, ya matso. Zuciya ta ci ta, ta tsoma hannu har gwiwa don ta shafa fuskarsa. Ruwa ya gurɓace, laka ta taso, daga ranar ba ta sake ganin komai ba sai kwaɗi.

Ni dai tatsuniyar nan haushi take ba ni. Na taɓa ce mata, "To laifin me ta yi? Ɗanta ne fa!"

Ta ce, "Ke ɗiyar ga, bakinki ya fi ki girma. Wa ya ce miki laifi ta yi? Wuce wuri ta yi."

Shekarar da na cika goma sha ɗaya, Babana Haruna yana da shekara uku a wajen haƙar zinariya can arewa. Da farko yana kira, daga baya aka ji ɗif. Sai jita-jita ta zo cewa wata rijiya ta rufta da mutane. Kawunaina, 'yan'uwan Umma, suka zo daga garin Dinder har sau biyu, suna cewa a yi masa addu'a, Umma ta shiga takaba, in ta fita su tafi da ita da mu. Habboba ta ce ba a yi wa mai rai sadakar uku. Suka ce to ta kawo shaida, in ba haka ba ranar Juma'a za su zo da malamai. Umma kuwa ta daina cin abinci, sai dai ta juya cokali.

Ranar Laraba Goggo Zainaba, ƙanwar Baba da ke koyarwa a Sennar, ta sauko daga mota da wani abu a jakarta mai kama da allon makaranta, amma na gilashi. Ta ce sunansa tab. Wani da ya dawo daga arewa ne ya tura mata hoto a ciki, ya ce da Babbar Sallar da ta wuce aka ɗauka, kuma ya ji ana cewa akwai Haruna ɗan Mai Wurno a wannan zango. Maza goma sha ɗaya ne tsaye gaban wata rumfa, duk sun yi buɗu-buɗu da ƙura, kowace fuska ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba.

Goggo ta nuna mana yadda ake yi: ka ɗora yatsu biyu, ka ware su, hoto ya matso, ka haɗe su, ya koma. Nan da nan muka iya, muka yi ta ja kowa na cewa ga shi nan. Habboba ta daka mana tsawa, ta ce a ba ta, ita ta haife shi.

Ta ɗora yatsu ta ware. Ko motsi. Ta danna da ƙarfi har gilashin ya yi ƙara, Goggo ta ce, "Wayyo Inna, za ki fasa!" Ta sake gwadawa, shiru. Ƙanena mai shekara biyar ya taɓa, hoto ya zabura. Goggo ta ce abin ba ƙarfi yake so ba, laushin fata yake ji, yatsun Inna kuwa saj ya cinye su. Ni da rashin kunya na fashe da dariya na ce, "Habboba, bai san ki ba!" Wallahi har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Habboba ta duba tafin hannunta, ta ajiye tab ɗin bisa tabarma, ta ɗauki buta, don an kira magariba.

Da ta idar da alwala, za ta ɗauke tab ɗin daga inda za ta shimfiɗa sallaya, sai babban yatsanta ya goga gilashin. Hoton ya gusa. Ta tsaya cak, ta sake taɓawa, ya sake gusawa.

Ta ce, "Ashsha! Ashe Musulmi ne wanga abu. Ba shi karɓar hannu sai da alwala."

Goggo ta buɗe baki za ta ce damshin ruwa ne kawai, Habboba ta ɗaga mata hannu. Ta yi sallarta a tsanake, ta ɗan jiƙa yatsu a bakin buta, ta zauna kusa da wuta, muka kewaye ta. Ranar kisra ta ƙone ba wanda ya kula. Ta bi mazan ɗaya bayan ɗaya har ta zo kan na bakwai, wani dogo da ya karkata kai wajen na kusa da shi. Ta ware yatsu, ya matso. Ta ƙara warewa, fuskar ta cika gilashin, ta fara narkewa. Ta daɗe tana kallo. Daga nan ta haɗe yatsunta a hankali, mutumin ya koma baya, sai tsayinsa da karkatar kansa.

Ta ce da Umma, "Rabi, dubi kan nan. Kunnen hagunsa ya mutu tun yana goye, da na dama yake sauraron mutane. Haruna ne. Tashi ki ci abinci."

Umma ta fashe da kuka, ta kuma ci. Ranar Juma'a kawunaina suka zo, Habboba ta yi alwala a gabansu, ta buɗa musu hoton daidai inda ta tsaya, ta ce wanda ya fi ta sanin ɗanta ya yi magana. Suka sha shayi suka koma Dinder.

Bayan yankan riɗi Baba ya dawo, a rame, da 'yar jaka ɗaya. Da Goggo ta zo gaishe shi, na ɗauko tab ɗin da ɗoki na nuna masa kansa. Ya duba, ya karkato mini kunnen dama, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Wannan ai wani ɗan garin Abu Hujar ne. Ni na ɗauki hoton. Kada ki gaya wa Inna."

Ban gaya mata ba har ta bar duniya. Shekaru na yi ina ganin kamar na rufa wa tsohuwa asirin kuskurenta. Sai da na girma, dangi suka watse ƙasa-ƙasa, na koma mai kwana da tashi da hotunan mutane a hannu, sannan na tuna daɗewar da ta yi tana kallon fuskar nan kafin ta mayar da ita baya. Matar da ke gane sawun jikokinta a cikin rairayi ba za ta kasa gane fuskar da ta shayar ba. Ta gani sarai ba shi ba ne. Amma ga Umma a gefenta ba ta ci ba kwana da kwanaki, ga Juma'a saura kwana biyu. Sai ta janye yatsunta, ta tsayar da su daidai inda ba za a yi wa ɗanta sadakar uku ba.