Wasiyyar Ƙwaƙwalwar Baffa

Shekarun baya, ina karatun likitanci a Kano, ina da wani baffa a Tudun Wada da kansa ke ja fiye da na kowa a dangi. Sau ɗaya yake jin abu ya zauna. Fillanci a kasuwar shanu ya tsince shi, Turanci kuma a rediyo.

Wani hutu, da rawar kai irin ta ɗan jami'a, na ba shi labarin yadda Turawa suka cire ƙwaƙwalwar wani masani bayan ya mutu, suka yayyanka ta suna neman inda basirarsa take. Ya yi dariya har da buga cinya.

"To likita, in na mutu ka zo ka ɗauki tawa. Wasiyya na bar maka."

Matarsa na gefe tana gyaran wake, ta ji.

Ranar da ya rasu, kafin in iso an riga an kai shi makwanci. Bayan sadakar bakwai aka ce matar ba ta ci, ba ta barci. Kowa ya ɗauka zafin rashi ne. Sai ta kira ni ɗakinta.

"Ɗan nan, wasiyya ya bari, da kunnena na ji. Ina kallo aka fita da shi, na kasa buɗe baki. Yanzu nauyin a wuyana yake?"

"Inna, wasa yake yi. Ko da gaske ne, ba a zartar da irin wannan."

"Shi ba ya magana a banza. Da ka buɗe, me za ka gani?"

Na gaya mata iyakar sanina. Ƙwayoyi ne masu rassa kamar saiwar gero, da an mutu suke fara lalacewa. Ko an ga wani bambanci, babu mai tabbacin shi ya haifar da basirar, ko yawan aiki da kan ne ya kawo shi.

"Wato ba za ka same shi a ciki ba?"

"Ba zan same shi ba, Inna."

Sai ta ce a miƙo mata kunu.

Tun daga nan nake tauna magana kafin in kai labarin makaranta gida. Har yau ban ga na yi mata ƙarya ba. Sai dai akwai abin da ban faɗa mata ba, kuma yana ɗan ba ni kunya: da an ba ni, da na duba.