Kocin Talata da Golan da Bai Taɓa Cirewa Ba

A makon nan ne yayana Garba ya cika shekara arba'in da ɗaya da rasuwa. Ɗana na fari ma yanzu ya wuce shekarun da Yaya ya bar duniya da su, amma har gobe idan na tuna shi, ni ne ƙarami, shi ne babba.

Yawancin masu karanta wannan shafi ba su san shi ba. Bai taɓa riƙe muƙami ba, bai kuma taɓa buga ƙwallo ba, domin ƙafarsa ta hagu ta ɗan shanye tun yana yaro. Goro yake sayarwa a kasuwar Talata Mafara. Sai dai duk ranar kasuwa, da zarar an sallame La'asar ciniki ya lafa, rumfarsa kan cika da mutanen da ba goro ya kawo su ba. Masu albasa daga Bakura, 'yan Damri, har da mutanen Janbako da ya kamata a ce sun kama hanya tun da rana, duk sai sun tsaya. Shi kuma zai yayyafa wa goronsa ruwa, ya gyara zama, ya ce, "To, wanga sati, da ni a koci…" Daga nan sai ya jero mutum goma sha ɗaya da ya kamata su buga wasan Asabar, ya faɗi wanda za a ajiye a benci da dalilinsa. Shi ya sa aka laƙaba masa Kocin Talata.

Ba kullum yake daidai ba. Akwai wani ɗan gaba, Ɗanladi, da Yaya ya shafe wata guda yana cewa a cire shi, wai rago ne, yana tafiya a fili kamar mai zuwa biki. Ranar da Ɗanladi ya zura uku a wasa ɗaya, aka cika rumfar don a ga yadda Yaya zai yi da fuskarsa. Ko gezau. Cewa ya yi, "Ai maganata ce ta tashe shi daga barci. Ku ce ya zo ya yi godiya."

Wancan lokaci aikin madatsar Bakolori ne ke ci. Gari ya cika da baƙi da manyan motoci. Wani Alhaji ɗan kwangila, mai jigilar yashi da tsakuwa, ya kafa ƙungiyar ƙwallo ya sa mata suna Guguwa. Ya ɗauke mu 'yan wasan aiki, da safe mu ɗan taɓa lodi, da yamma mu yi atisaye. A yankinmu ba a taɓa ganin wanda ƙwallo ke ciyarwa ba sai a kanmu. Ni ne gola na biyu. Na farko Sanda ne, wani dogon saurayi marar yawan magana daga wani ƙauyen ƙasar Maradun da ruwan madatsa ya cinye. Kwano ɗaya muke ci da shi. Ya fi ni, kuma ban taɓa jin zafin haka ba, don kowa ya gani.

Sai manoman da aka karɓe wa gonaki suka fara tare hanyoyin aiki suna neman haƙƙinsu. Mahaifin Sanda yana cikinsu. Alhajinmu ya tsorata kada a ce yana ciyar da 'ya'yan masu tare hanya, kwangila ta kuɓuce masa. Wata yamma bayan atisaye, koci ya kira Sanda da wasu biyu 'yan ƙasar Maradun, yana kallon ƙasa, ya ce su je gida su ɗan huta har abubuwa su daidaita. Sanda bai yi musu ba. Ya tuɓe rigar gola ya miƙo mini, ya ce, "Bello, ka riƙa yi wa 'yan baya magana. In ka yi shiru, barci su kai."

Talatar da ta biyo baya ina rumfar. Yaya bai ko dube ni ba.

"An cire golan da babu irinai a ƙasar ga, an sa ƙanena," in ji shi. "Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Bello, amma Bello bai kai Sanda ba. Mi Sanda ya yi? Ƙwallo nawa ta shige mai bana? In don ubanai ne, to ubanai ba ya cikin ƙungiya."

Da a ce wata Talatar ce, da an kwashe da dariya an juyo kaina. Ranar babu wanda ya yi dariya. Wani dattijo mai gishiri da ke maƙwabtaka da shi ya ce a hankali, "Garba, saida goronka."

Wanda bai rayu a kwanakin nan ba, da wuya ya gane abin da ya sa maganar gola za ta sa mutane su yi tsit. Motocin masu kaki sun fara kwana a mararraba. A kasuwa kana ganin wasu baƙi masu takalma fes, ba su saye ba su sayarwa, sai zama kusa da inda ake hira. Kalmar gona kanta sai an rage murya ake faɗinta. Duk wanda ya ambaci ɗan ƙasar Maradun da alheri, ana iya cewa yana tare da masu tare hanya. Yaya kuwa kowace Talata sai ya maimaita: a dawo da Sanda.

Innarmu ta kira shi ta zaunar. "Garba, ni na haife ka da ƙafa guda da rabi. In sunka biyo ka, da mi za ka gudu?" Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Ni ma na same shi a rumfa da hantsi, kafin mutane su taru, na ce, "Yaya, don Allah ka bar zancen nan. Ba don ni ba, don Inna."

"Zancen ƙwallo nike yi, Bello," ya ce. "In ƙwallo ma ba a iya zancenta, mi ya rage muna?"

Yana faɗin haka yana ɓare goro. Mutane sun ɗauka Yaya ba ya jin tsoro. Yana ji ƙwarai. Duk motar da ta tsaya bakin kasuwa sai ya bi ta da ido har ta tashi. Abinci ma ya rage ci. Amma da La'asar ta yi, mutane suka taru, sai bakin ya ƙi rufuwa.

Ranar da masu kaki suka buɗe wa manoman da ke tare hanya wuta, muna Bakura muna wasa. A tifar Alhaji aka kwashe mu tun da safe. Bayan an dawo hutun rabin lokaci, ina tsaye a raga na hango wani ya shigo fili a guje bisa keke, ya jefar da keken. Na ga maganar tana tafiya cikin 'yan kallo daga wannan kunne zuwa wancan, mutane na zamewa ɗaya bayan ɗaya, har gefen fili ya zama wayam. Rafali ya hura tashi ba tare da lokaci ya cika ba. Direba ya ƙi bin babbar hanya, ya ratsa da mu ta gonaki. Muna hango hayaƙi can wajen madatsa, muna gamuwa da mata da goyo suna tafe ba su san inda suka nufa ba. Ba zan faɗi yawan waɗanda suka mutu ba, domin ban ƙirga ba, waɗanda suka ƙirga kuma har yau bakinsu bai zo ɗaya ba.

Sanda ya je kai wa mahaifinsa abinci a wurin tare hanyar. Daga shi har mahaifin ba a sake ganinsu ba, ba a kuma ga gawa ba. Da yana cikin ƙungiya, da yana bayan tifar nan tare da mu, shi a raga ni a benci. Wannan kowa ya san shi, babu kuma wanda ya furta.

Bayan haka gari ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba. Ba a zaman makoki a fili. Ba a ambaton sunan wanda ya ɓace, don kada a tambaye ka inda ka san shi. Kasuwa ta yi makonni ba ta ci sosai ba. Ranar da ta fara dawowa, 'yan tsiraru suka taru a rumfar Yaya, ina jin don su ji wani abu da ya yi kama da rayuwar da. Ya yayyafa ruwa, ya gyara zama.

"Wanga sati, da ni a koci," ya ce, "gola, Sanda."

Kafin ya kai ga 'yan baya, rumfar ta watse. Mako na gaba da hantsi wasu mutum biyu suka zo suka ce ya taso ana son ganinsa. Mai gishiri ne ya tattara goron da ya zube ya kawo gida. Na bi ofis-ofis ina tambaya, ko'ina sai a ce ba su san da shi ba, in koma gida tun ana mu'amala da ni da mutunci. Inna ta daina zama a ɗaki, ta koma bakin zaure, duk wani motsi sai ta miƙe. Ni kuwa ko sallama aka yi da baƙuwar murya, sai na leƙa tukuna kafin in amsa.

Sai da damina ta kankama ya dawo, da ƙafarsa, a rame, kunne ɗaya ya daina ji, ga tari da bai rabu da shi ba har ƙarshe. Bai taɓa gaya wa kowa abin da aka yi masa ba. Mun ɗauka shi ke nan an gama da Kocin Talata. Da ya koma rumfa na bi shi, na zauna kusa. Mutum huɗu ko biyar ne suka tsaya, su ma daga nesa-nesa. Ya daɗe yana jujjuya goro a hannu. Ya dubi bakin kasuwa. Sannan, da muryar da ta fi ta da ƙanƙanta, ya ce, "Gola, Sanda." Ya jero sauran goma.

Haka ya ci gaba tsawon shekarun da suka rage masa. Aiki ya ƙare, Alhaji ya kwashe motocinsa ya yi gaba, Guguwa ta watse. Yaya ya koma zaɓar 'yan wasa daga ƙungiyoyin Bakura da na Mafara da waɗanda yake ji a rediyo. Goma na canzawa kowane mako. Na farkon bai taɓa canzawa ba. A hankali mutane suka dawo, suka saba, har idan ya faɗa wasu kan ce, "Allah ya jiƙan shi," ƙasa-ƙasa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gidajen kallon ƙwallo za su burge shi, na tabbata. Yaran yanzu suna kwana suna gardama a kan wanda wata ƙungiyar Turai ta saya da wanda ta sayar, kamar da su aka yi shawara. Da Yaya ya samu waya a hannu, da babu kocin da zai huta a duniya. Amma da ya tambaye ni yaushe Mafara za ta je wasa Gidan Goga, can ƙasar Maradun, sai dai in ce masa 'yan bindiga sun hana. Babu mai ɗibar yara a mota ya bi hanyar nan don ƙwallo. Mutanen Janbako in sun zo kasuwa, tun kafin Azahar suke haɗa kaya. Jikana ma gola ne a ƙungiyar unguwarsu, kuma duk ranar da aka gayyace su wasa wajen gari, ni ne mai hana shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na sake jin irin muryar nan ta da. A majalisa idan za a yi zancen mutanen daji, sai an waiwaya tukuna. Idan an ɗauke wani, ba a son ambaton sunansa da ƙarfi, don ba a san wanda ke kai rahoto ba. Na san wannan shirun, na taɓa zama a cikinsa. Ko Yaya zai yi magana yau kamar yadda ya yi jiya? Ba zan yi masa ƙarya ba, ban sani ba. Waɗancan sun dawo mana da shi da kunne ɗaya. Na yanzu ba kullum suke dawo da mutum ba.

Bai bar gida ba, bai bar hoto ba. Inda rumfarsa take, yanzu cajin waya ake yi. Idan aka auna da ma'aunin duniya, mai goro ne da ya cika surutun ƙwallo, kuma surutun bai sa an dawo da kowa cikin ƙungiya ba. Nauyin abin da ya yi ban gane shi ba sai ranar uku da rasuwarsa.

Muna zaman gaisuwa sai ga wata tsohuwa da sanda, ƙafafunta duk ƙura, ta ce daga sabon matsugunin mutanen Maradun take. Na raka ta cikin gida wurin Inna. Ta gaisa, ta yi addu'a, sannan ta ce ita ce mahaifiyar Sanda.

"Ban taɓa ganin ɗanki ba," ta ce wa Inna. "Amma duk Talata in mutanenmu sunka dawo kasuwa, sai in tambaye su, ya faɗi sunan ɗana? Su ce ya faɗa. Sai in ji kamar yaron yana wani wuri, aiki ne ya riƙe shi." Ta goge ido da gefen zane. "Ni ba a taɓa yi man gaisuwa ba, ko ta uban ko ta ɗan. In kin yarda, in zauna nan kusa da ke."

Inna ta matsa mata a kan tabarma. Duk matar da ta shigo daga nan har yamma, su biyu ta yi wa gaisuwa.

Allah ya jiƙan Garba, ya jiƙan Sanda da mahaifinsa, ya kawo mana ƙarshen wannan tsoro.