Ga Maƙwabcina da Yake Kashe Ni Kowace Safiya

Yau Laraba. Gwiwa ta ɗan sassauta, tari ma da sauƙi, hannun dama ne kawai yake rawar da ya saba. Na ce bari in rubuta wannan kafin baƙon da nake jira ya iso.

Ranar Asabar da ta wuce, tara ga wata, da hantsi, babbar 'yarka ta sauko daga bene ta ƙwanƙwasa ƙofata ta ce, "Kaka, Baba ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ciwon ko mako bai yi ba. Ni da aka daɗe ana sauraron labarin mutuwata ga ni zaune, kai da kake hawa matakala bibbiyu ka riga ni.

A wurin aiki Sai-an-haɗa suke kiranka, kuma ba su yi maka ƙarya ba. Kamfaninku yana rubuta manhajar manyan asibitoci. Wasu suna rubuta sashen karɓar marasa lafiya, wasu na ɗakin awon jini, wasu na kantin magani, wasu na tura saƙon tuni ga masu ganin likita. Kowa ya gama nasa sai ya bugi ƙirji ya ce yana aiki. Kai kuwa sai ka ce, "Sai an haɗa." Aikinka shi ne ka tattara su duka ka ɗora a kan saba, wato babbar na'urar da manhajar take zama a kanta, tagwaye da wadda asibiti zai yi amfani da ita, ka ga ko za su zauna lafiya da juna.

Ni tsohon mai buga tafireta ne, da farko ban gane ba. Sai ka nuna mini ƙofar ɗakina, wadda ba ta rufuwa sai an dake ta da kafaɗa. Ka ce, "Baba, kafintan da ya yi ƙyauren gwani ne. Maginin da ya bar gurbinsa shi ma gwani ne. To, me ya sa kake kokawa da ita kullum?" Na ce don ba wanda ya gwada su tare. Ka ce na ci jarrabawa, kuma washegari ka zo da abin fiƙe katako ka gyara ta.

Tun daga nan kowace Laraba, idan ka taso aiki, sai ka biyo ta wurina mu sha shayi. Kana sha kana yi mini tambayoyi kamar ɗan sanda. Yaushe aka haife ni? Ban san rana ba, shekarar ma ƙiyasi ce. Lambar waya? Ba ni da ita, kunnen ya daina jin ta. Wa za a kira idan wani abu ya same ni? Mai ɗakina ta riga ni, Allah bai ba mu haihuwa ba, 'yan'uwa duk sun kwanta dama. Maimakon ka yi mini fuskar tausayi sai ka tafa hannu ka ce, "Baba, kai zinari ne! Irinka nake nema."

Ashe mara lafiya na ƙarya ka ƙirƙira a cikin sabar gwaji, ka ba shi halina kaf, ka sa masa suna Tsoho. Kowace safiya injin yana yi masa rajista, ya kai shi gaban likita, ya ɗebi jininsa, ya ba shi magani da gado, a ƙarshe ya rubuta cewa ya rasu, don a tabbatar kowane sashe ya samu labari. Gari na wayewa a tashe shi a sake. Idan muka haɗu a ƙofar gida sai ka ce, "Baba, yau ma ka cika lafiya lau, ba wata matsala." Ni kuma in ce, "Madalla, Allah ya maimaita mana."

Wata Laraba ka shigo kana dariya har da riƙe ciki. Ka ce, "Albishirinka, Baba. Kana da juna biyu, wata uku." Sashen awon jini shi kaɗai lafiyarsa ƙalau, na rajista ma haka, amma da mutum biyu suka shigo sabar a lokaci guda sai sakamakonsu ya sarƙe. Na ce to a fara tanadin kayan jariri, kuma kai za ka raɗa suna. Mun yi dariya har tari ya sarƙe ni. Bayan ka tafi na yi tunanin matar da za a ba sakamakon wani tsoho a asibitin gaske, sai na gane nauyin abin da kake tarewa.

Sau ɗaya ka kai ni ofishinku. Na ga babban allo a bango, layuka kore, biyu ja, ka ce kore lafiya, ja matsala. Na leƙa ɗakin saba, sanyi kamar cikin randa, na'urori suna ta gunaguni. Ma'aikata suka taso suna cewa ga Tsoho na gaske. A gabana wani mai rubuta manhaja ya ce maka, "Haba Sai-an-haɗa, wallahi a kwamfutata tana aiki." Ka ce, "To shi ke nan. Sai mu kai wa asibitin kwamfutarka, da kai, da kujerarka." Shi ma dariya ya yi, ya koma ya gyara.

Jan layin da ya fi ba ku wahala ni ne sanadinsa. Sashen tura saƙo ya iso kan Tsoho, ya nemi lambar waya bai samu ba, sai ya tsaya cak yana jira, saƙonnin kowa suka taru a bayansa. Ranar miƙa aiki ta matso. Shugabanku ya ce a sa wa Tsoho kowace irin lamba, allo ya yi kore a wuce wurin. Ka ƙi. Ka ce, "Idan muka ba wannan lambar ƙarya, na gaskiyar da za su zo gobe wa zai ba su?" Aka gyara manhajar ta koyi wuce mara kowa ba tare da ta tsayar da jama'a ba.

Amma da ka raka ni asibitin zuciya, aka tambaye ni wanda za a kira, kafin in buɗe baki ka faɗi lambarka. Ka ce na cikin injin ne zai iya zama ba kowa. Tun daga ranar saƙon likita wayarka yake shigowa, kai kuma ka sauko ka ce, "Baba, Litinin ce, a sa riga mai kyau."

To, ɗana, yau na kama ka. Akwai tsohon da ba ka gwada ba: wanda yake da lambar da za a kira, amma mai lambar ya riga shi tafiya. Ganin likitana a cikin watan nan yake, ranar ce ban sani ba. Saƙon zai shiga wayarka da take a kashe a ɗakinka, injin ya rubuta an tura, allo ya yi kore. Ba zan iya hawa bene in tambayi mai ɗakinka, baiwar Allah da take cikin makoki, zancen waya ba. Abokin aikinka Mai Tabarau, wanda aka ce shi zai gaji kujerarka, ya kama hannuna a wurin gaisuwa ya ce ba za su goge Tsoho ba, kuma zai zo yau bayan la'asar. Shi na tanadar wa wannan matsala, don ba ni kaɗai ba ne mai irinta.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka. Yadda ka yi rayuwa kana neman inda abu zai tsinke don ka ɗaure kafin ya cuci wani, Allah ya rufe naka kurakuran. Ya sa aikinka ya ci gaba da binka da lada daga marasa lafiyar da ba su taɓa jin sunanka ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, da mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da abokan aikinka. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

An kira magariba. Shayin ya huce, Mai Tabarau bai zo ba, wataƙila allon ne ya yi ja. Gobe zan lallaba da sandata in je asibitin in tambaya da kaina. Ƙofar da ka gyara tana rufuwa sarai, amma na bar ta a buɗe.