Ranar da Kawu Ya Mayar da Rafi Filin Jirgi

Wata Asabar ce a damina ta 2007, da hantsi, kuma har in mutu ba za ta fita raina ba. Muna cikin ayarin rakiyar amarya, 'yar ƙanwar mahaifiyata, daga wani ƙauye na wajen Mahuta zuwa coci a Zuru. A motarmu akwai ni, da amarya, da Inna, sai Kawu, wanda aikinsa shi ne ba jiragen sama izinin tashi da sauka daga hasumiyar filin jirgi. Hutu ya kawo shi gida.

Mun bi hanyar cikin gonaki don ta fi kusa, sai muka tarar rafi ya kawo. Ana iya ƙetarewa, amma hadari ya haɗu a kan duwatsu, kowa kuma ya san da zarar an zubar da shi a can, ruwan zai gangaro ya rufe mashigin har gobe. Ga layi: gingimari biyu, akori-kura, da 'yan kabu-kabu rututu. Samarin da ke tsaron wurin doka ɗaya suka kafa, ba mai shiga sai na gabansa ya haye ya ɓace. Keke da gingimari duk jira ɗaya.

Amarya ta fara hawaye. Ango ya yi damina bayan damina yana golmo, noman da saurayi ke yi wa surukansa, yau ga shi zaune a coci yana duban ƙofa.

Kawu ya naɗe ƙafar wandonsa ya sauka. Ya tsaya yana kallon wata gingimari tana ratsa ruwan, igiyar ruwa na bin bayanta tana dukan gaɓa.

"Samari, sannunku da aiki," in ji shi. "Me ya sa babur ke jiran babur kamar yadda yake jiran wannan?"

Babbansu ya dube shi sama da ƙasa. "Baba, kai direba ne?"

"A'a. Ni ke ce wa direbobi su tsaya."

Ya yi musu bayani a taƙaice. Babban jirgi yana barin iska mai murɗawa a bayansa, ƙaramin da ya bi shi kurkusa sai ta kifar da shi, don haka ake ba shi tazara mai yawa. Amma ƙarami bayan ƙarami, ko babba bayan ƙarami, ba sa bukatar wannan jiran. Da haka sararin sama ɗaya ke ɗaukar jirage masu yawa. "Ruwan nan ma haka yake. Ku ba ni babura tukuna."

Ya jera su, suka shiga bi da bi kamar tururuwa. Sai ƙananan motoci. In babbar mota ta wuce, ya ɗaga hannu har ruwa ya kwanta. Matan zumuntar coci da ke cikin ayarinmu suka fito da tulunan kiɗansu suna yi masa waƙa, shi ko ko murmushi babu.

Wani ɗan kabu-kabu mai ɗauke da akuya a baya ya ga jiran ya yi masa yawa. "Wannan tsoho fa iyayi gare shi!" Ya faɗa cikin ruwan a gindin wata gingimari. Bai kai tsakiya ba igiya ta kwashe tayoyinsa. Akuya ta riga shi fita, ta tsaya a gaɓa tana kallonsa. Aka tsamo shi lafiya, yana tofar da ruwa.

"Ranka ya daɗe," ya ce da Kawu, "a wane layi zan tsaya?"

Inna ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Amarya ma ta manta tana kuka.

Na daɗe ina ɗauka cewa adalci shi ne a auna wa kowa da mudu ɗaya. A bakin rafin nan na gane cewa tazarar da za ka bari ta danganta da wanda ke gabanka, kuma jiran da ba shi da dalili shi ma haɗari ne.

Motarmu ta haye ana fara yayyafi. An ɗaura aure kafin la'asar. Daga baya muka ji ruwa ya rufe mashigin, ba a sake bi ta nan ba sai Litinin.