Fim Ɗin Da Na Ƙarar A Gindin Dutse

A zamanin Turawa ni malamin gona ne a ƙasar Makarfi, saurayi mai keke da gajeren wando, kaina ya fi ƙarfin hulata. Da Baturen gonan da nake yi wa aiki zai koma ƙasarsu, sai ya bar mini kyamararsa da fim guda mai cin hoto takwas. Daga ranar ban ƙara ganin kowa da gashi ba.

Mahaifina yana Gazara, tsoho ne da bai yarda da hoto ba sam. Amma wana, wanda ya shekara tara yana fatauci a Kurmi, can kudu, ya aiko da wasiƙa yana roƙon a ɗauko masa fuskar Baba. Sai da na yi ta lallashi kafin Baba ya yarda, ya ce sau ɗaya tak, ran Juma'a bayan an sauko masallaci. To, ni kuwa akwai abin da ke raina. Can bayan Malikanchi akwai wani dutse da ruwa ke zubowa daga kansa, fari fat, amma sai an yi ruwan sama mai ƙarfi. Burina in ɗauke shi in aika jarida a ga sunana. Ran Alhamis da na ga hadari ya haɗo, na saɓa kyamara na hau keke, na ce hoto bakwai nawa ne, ɗaya na Baba.

Kai, ban taɓa shan takaici irin na ranar ba! Laka ta cinye keken, na jefar da shi a gonar dawa na ƙarasa da ƙafa. Abin haushin shi ne, in ruwan sama ya tsuge, dutsen ya cika amma gari ya yi duhu. In ya tsagaita haske ya fito, ruwan dutsen ya koma kamar na bakin buta. Ina goge gilashin kyamarar da rigata, feshi na sake rufe shi. Ina ta dannawa ina tsaki, har na ƙirga bakwai. Can sai rana ta ɗan leƙo alhali ruwan na kan ƙarfinsa. Wallahi na san ɗayan da ya rage na Baba ne, na san babu fim sai Zariya, amma na danna.

Kashegari na tarar Baba ya sha rawani da farar rigarsa ta Salla, an shimfiɗa masa buzu a ƙofar zaure. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Na ɗaga kyamarar da babu sauran fim a cikinta, na roƙe shi ya dubo nan, na danna. Ya tambaye ni ko shi ke nan, na ce shi ke nan. Ya sa mini albarka, ya ce in gaya wa wana ga shi nan yadda ya bar shi. Na yi niyyar sayo wani fim in ce na farko ya lalace, sai dai ruwa ya yanke hanya, aiki ya riƙe ni, kuma kafin a yanke gero Allah ya karɓi abinsa.

Da aka wanke fim ɗin, takwas ɗin nan duk toka-toka ne, ba ka bambance ruwa da dutse. Wana ya dawo ta'aziyya ya nemi hoton, na ɗora wa mai wankin fim laifi. Har ya rasu bai san gaskiya ba, kuma haushin kaina bai sake ni ba.

'Yan'uwa masu karatu, in tsohonku ya ba ku lokaci, kada ku haɗa shi da wata sha'awa, in kuma kun yi kuskure ku faɗa tun yana ji. Dutsen nan yana nan, duk damina sai ya zubo da ruwansa. Jikokina kuwa in sun tambaye ni kamannin Baba, sai dai in kwatanta da baki.