Sirdin da Aka Sauke

Daga bakin shagonsa, tela yana kallon wani dattijo a rumfar mai gyaran keke, saɓe da keken tsere a kafaɗa. Gajere ne, furfura ta cinye gemunsa, rigarsa ta sha guga. Wilin baya ya lanƙwashe, giyar ta shige cikin wayoyinsa, sarƙa sai reto take.

"Na ɗana ne," in ji dattijon, idonsa a ƙasa. "Jibi zai dawo daga tafiya, ga tsere a gabansa. Iska ce ta kayar da shi a tsakar gida."

Mai gyara ya juya wilin. "Lallai iskar nan da ƙarfi take, Baba."

Shi tela ba keken yake kallo ba. Gwiwar wandon dattijon a yage take, ga baƙin mai a ƙafar dama, sai jan riga yake yana rufewa. Wataƙila dattijon ma ya yi tashen keke da ƙuruciya. Wataƙila kuma shi ne kullum ke ce wa ɗan nasa tseren nan shirme ne.

Sai da aka miƙar da wilin, aka daidaita giya, sannan dattijon ya matso, ya rage murya.

"Don Allah ɗan ɗaga sirdin nan, ka mai da shi inda yake da."

Mai gyara ya ɗauki sifana. Tela ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama, ya shiga laluben zare mai launin wandon.