Likkafanin Iya Haulatu

Duk wanda ya taso a unguwarmu a Zango ya ci daddawar Iya Haulatu. Shekara arba'in tana kaɗa ta, ba ta taɓa faɗa da kowa ba. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu.

Mijinta, Malam Abbas, dillalin tumaki ne. Da ya je Makka bai sayo mata haƙorin gwal ba. Likkafani biyu ya sayo, ya jiƙa su da zamzam ya shanya a can, ɗaya nasa ɗaya nata. Ita kuwa ta ɗiga lalle a bakin nata don kada a gauraya. Burinta ke nan a duniya, a naɗe ta a cikinsa.

Malam ya rasu, aka sa shi a nasa. Kafin sadakar bakwai babban ɗansu Maharazu ya danna wa turakar kwaɗo. Ƙannensa suka ce a kira malamai a raba gado, ko a je gaban alƙali, ya ce sai bayan kaka. Kaka biyu ta wuce, tumaki na ta raguwa, shi kuma ya yi sabon mashin. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Iya ba ta nemi tumuninta ba, ƙyallenta kawai ta roƙa daga adakar Malam. Kullum sai ya ce mata gobe.

Wata Juma'a da hantsi ina gidan ya shigo gaisuwa cikin sabon kaftani fari fat. Ya durƙusa. Iya ta kama bakin rigar ta juya, sai ga ɗigon lalle. Ashe ya buɗe adaka ya ga farin yadi, bai tambayi kowa ba ya kai wa tela.

Da ta faɗa masa abin da ya sa, sai ya miƙe yana kiciniyar tuɓewa, ya ce zai sa a warware ɗinkin. Iya ta kalle shi daga wuya har idon sawu.

"Bar shi, ɗan nan," in ji ta. "An riga an auna shi a jikinka."

Bai ƙara sa rigar ba. Ya buɗe turaka, ya kira malamai, aka ba kowa rabonsa. Amma bai ga damina ba. Zazzaɓin kwana biyu ne, a bakin likita.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Iya ta makance, ta daina daddawa, sa'o'inta duk sun tafi. Kullum da hantsi tana zaune a kan tabarma da wanka, ƙafa a miƙe, kamar mai jiran mota. Jiya na ce mata Allah ya ƙara nisan kwana, sai ta damƙe hannuna.

"Daina yi mini wannan addu'ar, Hasana. Ni aka zo ɗauka, aka tarar da shi cikin kayana."